Ƴan zakaru a kwamfuta: Terry McGovern da Pete Herman

Mai Ƙararrawa:
Jama'a, salamu alaikum. Wannan makon ajin bantam na ɗauko, wato ƴan damben boksin da nauyinsu bai wuce fam 118 ba, kilo 53 da rabi kenan. Bantam ɗin ma sunan wasu ƙananan kaji ne, shi ya sa nake ce musu ƴan zakaru. Na haɗa Terry McGovern, zakaran 1899, da Pete Herman, zakaran 1917, mutum biyu da ba su taɓa karawa ba a duniya. Na ba kwamfuta tarihin wasanninsu, na ce turmi 20. Dokarmu tana nan: mai magana ya yi ta da waƙa.

Da sunan Rabbu na buɗe fage da kaina,
Na jera zakaru biyu kan allon injina,
Turmi ashirin suka yi ina kallo da idona,
Herman ya ci da maki, ni dai ba laifina.

Kawu Tsohon Mahauci:
Yaro, injin nan naka ya yi mafarki,
Ya ɗauki bara ya ɗora shi gadon sarki.
Ka tambayi Palmer, baƙo daga Ingila,
Ya ƙetaro teku da kambu yana ta walwala,
A Tuckahoe ta jihar New York aka share fage cikin Satumba,
Turmi guda bai cika ba, ya kwanta bai so ba.
Wata huɗu bayan haka Terry ya hau ajin gaba,
Aka jefa wa zakaran ajin, Dixon, soson sallamawa, turmi takwas bai haura ba.
Mutumin da bai san jira ba in ya fusata,
Ta ina za ka kai shi ashirin a kwamfuta?

Hajiya Ƴar Lissafi:
Kawu gafara dai, zan ɗan taɓa zancenka,
Ba raini ba ne, ina ganin furfurarka.
Wutar kara ce Terry, wannan gwanin naka,
Ta tashi bal-bal, kan ka juya ta zama toka.
A 1901 Young Corbett ya tare mutuminka,
Turmi biyu a Hartford ya shimfiɗe shi gabanka.
Herman da goge takalma ya fara, in gaya maka,
A titin New Orleans, yana tara ƴan canji a jaka.
Gajere ne, amma in ya manne a ƙirjinka,
Hannu biyu yake sara, yana ƙirga haƙarƙarinka.
Kid Williams mai kambu ya sha turmi ashirin cif a hannunsa, ga shaida na ba ka,
Mai guguwa in ya taso, shi zai shige rigarka.

Kawu Tsohon Mahauci:
Ƴata, Hartford ai a ajin sama aka yi ta,
Ki bar haɗa awon tunkiya da na ɗan akuya a mahauta.
Kuma gwaninki da kike ta koɗawa,
Joe Lynch ya ƙwace masa kambu a 1920, kina mantawa?

Hajiya Ƴar Lissafi:
Ban manta ba, Kawu, ka ƙarasa labari,
Herman bai yi wata guda ba ya hau jirgin ruwa ya bar gari,
A Landan ya samu Jimmy Wilde cikin Janairu, ba jinkiri,
Turmi na 17 alƙali ya shiga tsakani ya ce a bari.
Yuli na zagayowa ya nemo Lynch ya kai hari,
Ya karɓi abinsa a Brooklyn, unguwar su Terry.

(Na san Wilde ɗan ajin ƙasa ne, Herman ya fi shi nauyi. Na faɗa da bakina kafin Kawu ya faɗa.)

Malam Mai Tsohuwar Jarida:
Ku ba ni aron layi uku ba waƙa, Mai Ƙararrawa ya yafe. Wannan wasa namu ba sabo ba ne. A 1967 wani mai shirin rediyo a Amurka, Murry Woroner, ya saka manyan ajin masu nauyi a kwamfutar NCR 315, Rocky Marciano ya ci Jack Dempsey a wasan ƙarshe. A hanya injin ya ce Jim Jeffries ya doke Muhammad Ali, Ali ya kai ƙara kotu. Mu dai namu sun mutu, ba mai kai mu.

Yaya Hajiya, Kawu, ku ɗan saurara,
Ni ba gwani nake bi ba, abincin injin na tsara.
Zamanin Herman, a jihohi da dama an hana alƙali magana,
Turmi goma a tashi, ba wanda aka nuna.
Da safe ƴan jarida ke yanke hukunci,
Wannan ta ce Audu, waccan ta ce Bala ne ya ci.
Zakara in bai faɗi ƙasa an ƙirga masa goma ba,
Ko an lakaɗa masa duka, kambu bai bar gidansa ba.
To irin wannan hatsi ka zuba wa injin niƙa,
Da tsakuwa da ƙaiƙayi, ka ce mu sha fura mu haƙa?

Ɗan Auta:
Baba Malam, haƙa me? Amsa-amo ya ja ka rami,
Ka nemi kalma ka rasa, ka cusa mana a baki da ƙarfin tsiya kamar tsami.

Malam Mai Tsohuwar Jarida:
Ka kama ni, auta, gemu ya sha kunya,
Amma ga tambayar da ta hana ni barci jiya.
Wane Herman ka saka, ɗana Mai Ƙararrawa?
Na 1917 mai ido biyu, yana gani yana kaucewa?
Ko na 1921, ganinsa ya soma dushewa,
Yana laluben jikin abokin karo kafin ya kai sarawa?
Johnny Buff ya karɓe kambun cikin Satumba,
Shekara na juyowa Herman ya ajiye safar hannu, bai ƙara ba.
Ya makance, ya buɗe gidan shaƙatawa a garinsu,
Har 1973 yana raye cikin mutanensu.
Shi kuma Terry, kansa ya riƙa taɓuwa, ana kai shi asibiti,
Ya rasu a 1918 bai kai arba'in ba, duk da wancan ƙarfi da kati-kati.
Injinka ya san ranar da idon ya fara hazo?
Ko dai ya haɗa yaro da tsoho ya dama su kamar kwaɗon zogale ya zo?

Mai Ƙararrawa:
Malam, ka taɓo ni inda yake mini ƙaiƙayi,
Gaba ɗaya na zuba, ban ware shekarun ba, na yi kuskure babu tantama ko ɗaya a kai.
Zan tankaɗe: Terry na 1899 shi kaɗai,
Herman na 1917, a sake buga ta daidai.
Wanda ya ci, Juma'a zai gamu da dogo,
Panama Al Brown na 1929, mai hannu kamar gwangwala a rugo.

Hajiya Ƴar Lissafi:
Rugo kuma? Yau kowa amsa-amo na kayar da shi.
Ka kawo dogon, Herman zai shige ƙarƙashinshi.

Kawu Tsohon Mahauci:
Ku sake bugawa, ni na ajiye goro ɗari,
Amma yaro, ka cika batir tun da wuri,
Kar wuta ta ɗauke Terry na tsakiyar hari,
Ka dawo ka ce mana da maki aka ƙare, ƙarya fure take ba ta ƴaƴa, ka ji ni tun fari.