Ƙarin ɗaki a cikin gida: abin da waɗanda suka yi a Yamai suka gani

Malamin makaranta, unguwar Talaje:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da niyyar ƙara ɗaki ɗaya da makewayi a gidana, domin yara sun tasa, lokaci ya yi da za a raba wa maza da mata makwanci. Ɗakin mita 4 ne a kan mita 4, kuma zai jingina da bangon falo. Magina biyu sun zo sun duba wurin, amma lissafinsu ya sha bamban ƙwarai, har na ɗaya ya kusa ninka na ɗayan. Ina roƙon waɗanda suka taɓa yin irin wannan aiki su faɗa mini inda kuɗinsu ya fi tafiya.

Ɗan kasuwa, unguwar Bukoki:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka ce wannan ya yi tsada wancan ya yi sauƙi, ka tambayi kowannensu inda lissafinsa ya tsaya. Lokacin da na yi nawa, mai araha ya tsaya ne a kan tayar da bango da ɗora kwano, shi kuwa ɗayan ya haɗa da shafe, da daɓe, da ƙofa, da taga, da wayar lantarki, da fenti. Na sa kowa ya rubuta mini kaya dabam, kuɗin hannu dabam, sannan na ɗauki takardun na zaga kasuwar Katako da ƙafata ina tambayar farashin ƙarfe da kwano da katako. Akwai kuma abin da kai da kanka za ka iya ƙirgawa. Bulo mai tsawon santimita 40 da tsayin 20 yana shiga 12 zuwa 13 a kowane murabba'in mita. Bango uku masu tsawon mita 4 da tsayin mita 3 za su ci kimanin bulo 450 ne, tun kafin a cire gurbin ƙofa da taga. Idan aka rubuta maka 800, kana da damar tambaya. A wurina tayar da bango shi ne ya fi sauƙi, ƙarashen aikin ne ya cinye fiye da rabin abin da na kashe, kuma makewayi, duk da ƙanƙantarsa, ya kusa kamo ɗakin saboda bututu da rami da tayil.

Uwargida, unguwar Kirkisoye:
Malam, ni maganar ruwa zan yi maka, domin mu da muke hayin kogi mun ga abin da ambaliyar 2020 ta yi wa gidaje. Da muka tashi ƙara wa surukata ɗaki, maigida ya dage sai an ɗaga daɓen ya fi tsakar gida da bulo biyu. Wannan ya jawo sayen ƙasar ciko mota guda da ba ta cikin lissafin farko, kuma ban taɓa jin ciwon kuɗin ba. Abin da mutane suke mantawa shi ne, filin da za a gina ɗakin a kai shi ne yake shanye ruwan sama a da, ko kuma ta nan ruwan yake bi ya fita. Ka tsaya a tsakar gidanka ka tuna ta inda ruwa yake gangarawa a watan Agusta. Idan sabon bango zai tare masa hanya, a fitar masa da wata tun yanzu, kuma a daidaita indararo yadda ba zai zuba a gidan maƙwabci ba. Na san gidaje biyu a layinmu da gaisuwa ta yanke tsakaninsu a kan wannan.

Ma'aikacin gwamnati, unguwar Banifandu:
Nawa aikin ya faɗo a mummunan lokaci. Na fara tara kuɗi kafin watan Yulin 2023, sai aka rufe iyakoki, kayan da suke shigowa ta Kwatano da ta Najeriya suka yi wuya, farashi ya tashi, abin da na tanada ya kasa kai ni rufi. Sauƙi ya samu bayan da gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoban 2024, amma ƙarfe da kwano da fenti suna bin kasuwarsu. Dabarar da ta fisshe ni ita ce mayar da kuɗi kaya a hankali: duk lokacin da na kwashi adashi sai in sayi ƙarfe, ko kwano, ko in ba mai walda kuɗin ƙofa, in adana su a inuwa. Siminti kaɗai ne ban yarda in tara ba, domin idan ya jima yana shan laima sai ya dunƙule, ƙarfinsa ya ragu. Na fi son in saye shi tan guda, wato buhu 20 masu kilo 50, a makon da za a yi aiki da shi. Ina kuma ba ka shawara ka ware aƙalla kashi ɗaya cikin goma na kuɗin domin abin da zai taso ba zato, kada magini ya san da shi.

Dattijo, unguwar Lazare:
Ɗana, idan gidan na gado ne, kada ka aza bulo ko ɗaya sai an zauna da sauran magada an rubuta wanda ya yi ginin da kuɗinsa. Idan naka ne, ka fito da takardar fili ka je ma'aikatar magajin gari ka tambayi batun izinin gini, musamman in bangon zai taɓa bakin titi. Allah ya sa albarka.

Malamin makaranta, unguwar Talaje:
Amin, Baba, na gode. Gidan nawa ne, takardu suna hannu. Saura tambaya ɗaya ga masu sana'ar: wane wata ya fi dacewa a fara, kuma shin in yi rufin kankare ne ko kwano?

Magini, unguwar Yantala:
Malam, na yi shekaru ina wannan aiki, kuma ƙarin ɗaki ya fi sabon gini neman hankali, saboda tsohon bango ya riga ya zauna, sabon kuwa bai zauna ba. Idan aka manna su kawai da siminti, bayan damina ɗaya za ka ga tsaga ta sauko daga sama har ƙasa daidai mahaɗar. Ni nakan haƙa wa sabon ɗakin harsashinsa, in tsayar masa da ginshiƙansa na ƙarfe a kusurwa, kada ya ɗora nauyinsa a kan tsohon. Nakan kuma tambayi mai gida ko an taɓa haƙa salga ko rijiya a wurin, domin na taɓa buɗe ƙasa a wani gida na tarar da tsohon rami da aka cike da shara, dole muka sauka da harsashi fiye da yadda aka shirya, kuɗin kuwa mai gida ne ya biya.

Game da lokaci, na fi son a fara bayan ɗaukewar ruwa, daga Oktoba zuwa Fabrairu. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, siminti yana bushewa kafin ya kama, sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma, ga shi a lokacin ne famfo yake yawan ɗaukewa, sai ka koma sayen ruwa wurin 'yan garuwa. Ko a lokacin sanyi, bulo yana buƙatar a shayar da shi mako guda bayan an buga shi. Ka murza gefensa da yatsa, in ya zube kamar gari, an yi masa rowar siminti.

Rufin kankare kuwa ba a yanke shawararsa bayan bango ya tashi, tun daga harsashi ake shirya masa, da ƙarfe mai kauri da ginshiƙai masu yawa, kuma sai ya yi kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa. In ba ka da niyyar hawa bene nan gaba, ka yi kwano, ka ƙara tsayin bangon, ka sa silin da ƙananan kafofin iska a sama domin yaran su iya barci a cikin bazara. Kuɗin hannu kuma ka biya shi kashi-kashi: bayan harsashi, bayan an kai linta (kankaren da ake zubawa a saman ƙofa da taga), bayan rufi, sannan ragowar idan an gama shafe ka duba da idonka.