Abincin Turkawa da Girkawa da Labanawa: girki ɗaya ne da sunaye uku?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum. A cikin wata guda na ci abinci sau uku a waje a nan Landan, na farko wurin Labanawa a Edgware Road, na biyu wurin Turkawa a Green Lanes, na ƙarshe kuma wurin Girkawan Saifurus a Palmers Green. Duk inda na zauna abu ɗaya aka jera mini a 'yan ƙananan farantai, wanda su duka suke kira meze: kindirmo da kokwamba da tafarnuwa, ganyen inabi da aka naɗe shinkafa a ciki, gasasshen babban yalo da aka dame, zaitun, da gurasa mai zafi. Ra'ayina shi ne girki ɗaya ne, kowace ƙasa ta laƙaba masa sunanta don ta ce nata ne, kuma wanda ya ci ɗaya ya ci duka.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Malam, maganarka tana da tushe, domin Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta riƙe ƙasar Labanan daga 1516 zuwa 1918, ta kuma mulki yawancin ƙasar Girka ɗaruruwan shekaru kafin yaƙin neman 'yancin da ya fara a 1821. Mutanen da suka daɗe haka suna cin kasuwa ɗaya dole tukunyarsu ta yi kama. Kalmar meze kanta daga Farisanci take, ma'anarta ɗanɗano. Naɗin ganyen inabin nan Turkawa suna ce masa dolma ko sarma, Girkawa suka ce dolmades, kuma asalin kalmar dolma Turkanci ne mai nufin cikawa. Sannan a 1923 an yi musayar jama'a tsakanin ƙasashen biyu, inda Kiristoci fiye da miliyan ɗaya 'yan asalin Anatoliya, wato ɓangaren Turkiyya da ke nahiyar Asiya, suka zama mazauna Girka, Musulmi kusan dubu 400 kuma suka koma Turkiyya, kowa ya tafi da irin girkin da ya gada a gidansu.

Hajiyar Tottenham: Malam ya kawo tarihi, ni kuma a madafa zan tsaya, domin shekara da shekaru ina sayen kayan miya a shagunan Turkawan Green Lanes, ina kuma gwada waɗannan girke-girke a gida. Ƙanena Ɗan Fagge, ka ɗauki tabbula ta Labanawa ka ajiye kusa da kisir na Turkawa. Kayan haɗinsu kusan ɗaya ne, amma tabbula koriya ce shar, ganyen faski ne aka yayyanka siriri da wuƙa mai kaifi don kada ya yi ruwa, aka zuba tumatir da na'a-na'a da lemon tsami, tsakin alkamar da ke ciki kuwa bai wuce barbaɗe ba. Kisir ja ne, tsakin alkama ne jigonsa, ana murza shi da hannu tare da markaɗaɗɗen tattasai da tumatir har ya sha, a ƙara masa tsamin rumman. Na farko yana wartsake baki, na biyu yana riƙe ciki. Haka kindirmon da ka ambata: tzatziki na Girkawa an tsane masa ruwa, yana da kauri har cokali ya tsaya a ciki, amma jajik na Turkawa sau da yawa a gidajensu tsinkakke ne, ana shan sa da cokali lokacin zafi, wani lokaci har da ƙanƙara. Idan wani baƙo ya ci masar Bauchi da wainar Kano ya ce babu bambanci, za mu ce harshensa bai saba ba tukuna.

Ɗan Fagge: Hajiya, na yarda da batun tabbula, domin na tashi ina ganin ta a hannun Kwarorin Kano tun kafin in san Landan. Amma me za ki ce game da hummus? A wurare ukun nan duka an kawo mini shi, kuma ban ji wani bambanci ba.

Hajiyar Tottenham: Wannan misalin ni yake goya wa baya. Hummus kalmar Larabci ce, sunan wani wake ne mai kama da gurjiya, ana dafa shi ya yi luguf a niƙa da riɗi da tafarnuwa da lemon tsami, kuma gidansa ƙasashen Sham ne. A Turkiyya ma ya fi ƙarfi a kudu, wajen Hatay da ke iyaka da Siriya, inda wasu ke kawo shi da zafi da man shanu a kai. A Girka ba abincin gado ba ne. Abin da suke da shi mai kama da shi sunansa fava, da wani wake rawaya ake yi, ba a sa masa riɗi, sai man zaitun da albasa. Ka same shi a Palmers Green ne saboda mutanen Saifurus maƙwabtan Sham ne, sannan kuma mai gidan abinci a Landan ya san duk wanda ya shigo zai nemi hummus, don haka yake ajiye shi. Kasuwar birnin ce ta sa jerin abincinsu ya yi kama fiye da yadda yake a ƙasashensu.

Malamin Tarihi: Hajiya ta taɓo wuri mai muhimmanci, sai dai kada mu manta cewa wani ɓangare na bambancin siyasa ce ta ƙara masa gishiri. Gahawar da Girkawa suka daɗe suna kira ta Turkawa ta koma gahawar Girka a bakinsu bayan dangantaka ta yi tsami, musamman bayan rikicin Saifurus na 1974, alhali tukunyar da yadda ake dafawa ba su canja ba. Tarayyar Turai ta keɓe wa Girka sunan cukun feta a 2002, ta keɓe wa Saifurus sunan cukun halumi a 2021, Labanan kuma a 2010 ta dama hummus fiye da tan goma a faranti guda don ta nuna wa duniya nata ne. Inda ake irin wannan ja-in-ja a kan suna, alama ce cewa abin ya yi kusa da juna sosai.

Uwar Biyu: Ina neman izinin manya in ƙara abu ɗaya, domin akwai bambancin da ya shafe mu kai tsaye. Wanda ya ɗauka duk ɗaya ne zai iya shiga gidan abincin Girkawa ya yi oda da sakin jiki kamar yadda ya saba yi a Edgware Road, alhali naman alade ya zama ruwan dare a girkinsu, a tsirensu na souvlaki da tsiran-alade irin su loukaniko, kuma wasu miyar da giya ake dafa su. Ranar da muka je da maigidana sai da na tambayi mai kawo abincin faranti bayan faranti, muka tsaya a kan zaitun da gasasshen halumi da tarama, wato damammen ƙwan kifi, da ganyen inabi marar nama. A wurin Turkawa da Labanawa ma tambayar ba ta faɗi ba, domin a al'adar wasunsu meze abokin tafiyar giyar raki ne ko ta arak, kuma ba kowane mai shago ne yake sayen naman halal ba.

Ɗan Fagge: Wannan gargaɗin na karɓe shi hannu biyu, Allah ya saka da alheri. A kan asali dai ina nan tare da Malam, har yanzu ina ganin uwa ɗaya ta haife su. Amma na lura cewa a wurare ukun nan abubuwan da na riga na sani kawai na nema, ban taɓa kibbe, wato curin tsakin alkama da nama na Labanawa, ko fava ko kisir ba. Hajiya, ranar Asabar mai zuwa zan koma Green Lanes, ki faɗa mini farantai uku da ba zan samu a Edgware Road ba.

Hajiyar Tottenham: Ka nemi ezme, wato yankakken tumatir da barkono mai yaji, da haidari, kindirmo mai kauri da busasshiyar na'a-na'a, sai kuma kisir ɗin da muka yi magana a kai. Ka ce a kawo maka gurasar da zafinta, kuma ka fara da haidari kafin yajin ezme ya kama maka harshe.