Zafin Sakkwato zai kashe man Godzilla, a taimaka da shawara

Dan_Mabera:
Salamu alaikum jama'ar gida. Don Allah kada a yi man dariya, tambaya gare ni ga waɗanda sunka san harkar dodannin roba na finafinan da, su Godzilla da King Kong.

Abin ya faro bara, na shiga Tsohuwar Kasuwa neman takalmin gwanjo sai na iske wani yaro ya zazzage buhun kayan wasan yara a ƙasa, motoci ba taya, 'yan tsana ba kai, can cikin tarkacen na hango wata wutsiya mai ƙaya-ƙaya ina jawowa sai ga Godzilla. Wallahi nan take na tuno gidan kallon unguwarmu muna yara, kaset na rawa hoto na tsalle amma ba mai tashi. Kuɗin da yaron ya faɗa ko na tsire tsinke biyu bai kai ba, ban ko taya ba na biya. Yanzu bakwai gare ni, har da mai kai ukun nan da kunkuru.

To matsalar ga ta. Ɗakina kwano ne ba silin kirki, tun da Maris ya shigo ƙafafun Godzillan sunka lanƙwashe, ba ya tsayuwa sai na jingina shi ga bango kamar tsohon da ya dawo daga gona. Mai kai uku kuma wuya guda ya sunkuya. Sannan akwai wanda na yi oda ta intanet, shi danƙo yake yi, in ka taɓa kamar ka taɓa alewa, ƙura duk ta manne mai. Mi za ni yi? Kuma ya ake gane orijina da jabu?

Sarkin_Zolaya:
Hhhhh dodon da ya rushe Tokiyo da kafa daya amma rana guda ta Sakkwato ta durkusar da shi. Malam ka kai shi dakin sanyi wurin masu kifi kawai. Mu da muke mutane ma lankwashewa mukai watan Afrilu balle roba

MaiGilashi:
Wa alaikumus salam ɗan uwa, ba abin dariya ba ne, ni na fi shekara goma ina tara su, a Arkilla nike. Kwantar da hankalinka, lanƙwasa ba mutuwa ba ce. Irin robar nan mai laushi mai rami ciki, wadda Japanawa ke kira sofubi, haka halinta yake, zafi ya tausasa ta sanyi ya ƙame ta, kuma da wannan halin nata za ka gyara ta. Ka dafa ruwa ka sauke ka bari ya ɗan huce, ka tsoma ƙafafun minti ɗaya ko biyu, za ka ji sun yi lugub, sai ka tsayar da shi kan tayil ka daidaita tafin ƙafar da hannu, kana riƙe a haka ka tsunduma cikin ruwan randa ko na ƙanƙara. Shi ke nan. Wuyan mai kai ukun naka, King Ghidorah, ma haka, sai dai shi zai riƙa maimaita maka don wuya uku dogaye ga fukafukai ga wutsiya biyu, nauyin ya yi yawa. Ni duk bazara kwantar da nawa nikai kan tsohon zane a ƙasan kabad, sai ruwa ya sauka in tashe shi.

Mai danƙon kuma man da ake haɗawa a robar don ta yi laushi ne ke tsattsafowa waje, zafi da rufewa cikin leda ke jawo shi. Ruwan sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ka shanya a inuwa. Kada ka kuskura ka kai mai fetur ko kananzir ko tina, fentin zai bi tsumma. Kada kuma ka aje su kusa da taga, rana na cinye kala. Lokacin hunturu shokes mai gilashi kawai ke maganin ƙura, in babu, buroshin kwalliya na mata ya fi komi shiga tsakanin ƙayoyin baya (na madam na sace, har yau ana shari'a).

Batun orijina, juya shi ka dubi ƙarƙashin ƙafa. Na ainihi za ka ga sunan Toho, kamfanin da ke da Godzilla tun fim na farko a 1954, da sunan wanda ya ƙera kamar Bandai, da shekara. Masu jabu ma suna kwafar rubutun amma yana fitowa dishi-dishi, ga warin roba mai hawa kai, ga ido ɗaya na kallon gabas ɗaya yamma. Kunkurunka kuwa Gamera ne, kada ka nemi Toho jikinsa, kamfanin Daiei ne ya yi shi, 1965 ya fito. In Allah ya tsaga da rabonka ka ga an rubuta Marusan ko Bullmark, to kada ka ba yara, su ne na farko-farko, Marusan tun 1966 ta fara irin waɗannan, masu tarawa na zuba kuɗi sosai kansu, kodayake an sake buga su daga baya don haka ba kowanne ne tsoho ba.

Kuma ka lura Godzilla ba fuska ɗaya gare shi ba, kusan kowane zamani da tashi riga, don a finafinan da mutum ne ke shiga cikinta yana tattake gidajen kwali. Haruo Nakajima ya fara sa ta, nauyinta wajen kilo 100, ga fitilun ɗaukar fim, ruwan gumi ake zubarwa daga ciki. Shi kam da ya gane zafin da muke faɗa. King Kong na 1933 ba haka aka yi shi ba, ɗan mutum-mutumi ne ake motsawa kaɗan-kaɗan ana ɗaukar hoto. Ni a wurina na 1954 ya fi duka, baƙi ƙirin ba wasa a fuskarsa, don a shekarar gwajin bam ɗin Amurka a tsibirin Bikini ya shafi wasu masuntan Japan, daga wannan tsoron labarin ya fito.

Maman_Biyu:
Ƙanena ni ba ta lanƙwasa nike ba, Hajiya ta san da su cikin gida? Don ƙanen maigidana ya jera irinsu a falo, ranar da Inna ta zo ta ce a fitar mata da gumakan nan kafin ta yi salla. Aka yi ta ja, shi yana kawo hadisin kayan wasan Nana A'isha da dokinta mai fukafukai, ita tana cewa ai kai ba yaro ba ne, gemu gare ka. Ƙarshe dai kwali sunka koma. Ka samu malaminka ka tambaya tun ba a kai ga haka ba, don na ji malamai na bambanta abin wasan yara da abin da babba ya kafa don ado.

Dan_Mabera:
Anti kin taɓo inda ke man ƙaiƙayi. Hajiya ta gani, ba ta ce komi ba sai da ta kai bakin ƙofa ta ce Allah ya kawo matar da za ta share ɗakin ga. Zan tambayi malam ranar Juma'a in sha Allah.

Yaya MaiGilashi Allah ya saka da alheri, na gwada ruwan zafin bayan la'asar, ga shi nan tsaye kan teburi ba jingina, sai dai na ƙona yatsa don ban bari ya huce ba. Na duba ƙafar, Toho da Bandai sun fito rangaɗau, shekarar ce ta cinye, 2 da 0 kawai nike gani. Na intanet ɗin kuwa ba rubutu ko ɗaya, kuma shi na fi kashe ma kuɗi, mai shagon ma ya daina ɗaukar wayata.

MaiGilashi:
To na gwanjon shi ne ɗan halas. Jabun ka wanke ka ba Sarkin_Zolaya. In ka koma wurin yaron nan ka duba man ko akwai Mothra, mai kama da malam-buɗe-littafi, ko fiffike guda ya rage ina so.