Ina idanunku suke zuwa idan kuna lissafi da ka?

Malamar aji uku:
Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a firamare, kuma akwai abin da na daɗe ina lura da shi, wanda nake so in ji ko wasu ma sun gani. Idan na ce wa yaro biyu a tara da uku, yana kallona yake ba ni amsa. Da zarar kuwa na ce 47 a tara da 28, sai idonsa ya bar fuskata: wani ya ɗaga kai yana kallon silin, wani ya ƙura wa bango ido, wata kuma ta runtse idanu leɓɓanta suna motsi. Wasu abokan aikina suna ɗaukar wannan rashin mai da hankali ne, har sukan ce wa yaro, "A sama aka rubuta amsar? Kalle ni nan!" Ni abin yana damuna, domin na ga yaran da aka tilasta wa kallon malami sukan rikice, ko da sun kusa kai ga amsa. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya gani.

Mai sayar da hatsi:
Wa alaikumus salam, Malama. Ba yara kaɗai ba ne, mu ma da muka tsufa a kasuwa haka muke. Idan mutum ya auni mudu bakwai, kowane mudu a kan naira 1,350, idona yakan sauka a bakin buhu, a nan nake ware dubu bakwai, in ɗora 2,100, in ƙara 350, sannan in ɗago in ce masa 9,450. Ba buhun nake gani ba a lokacin, wuri ne kawai da idon yake tsayawa. Idan mai saye ya tsare ni da ido yana cewa "Alhaji, a yi mini ragi," lissafin yakan warware, sai na sake daga farko. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne masu zaton duk wanda ya kau da kai yana lissafi, wata cuta yake ƙullawa.

Malamin ilimin halayyar ɗan Adam:
Malama, abin da kika gani an bincike shi. Gwyneth Doherty-Sneddon, lokacin da take Jami'ar Stirling a Birtaniya, ta yi nazari a kan yara, ta ga suna ƙara kau da ido gwargwadon wuyar tambaya, kuma 'yan shekara takwas sun fi 'yan shekara biyar yin hakan. A wani aikin da ita da abokan aikinta suka buga a 2006, an koya wa 'yan shekara biyar su riƙa kau da ido yayin tunani, sai amsoshinsu na daidai suka ƙaru. Dalilin a fili yake: fuskar mutum cike take da saƙonni, kuma ƙwaƙwalwa ba ta iya barin karanta su, alhali wurin da take riƙe lambobi na ɗan lokaci ƙarami ne ƙwarai. Yaron da yake ajiye ɗaya a ka, yana kuma duba ko malamarsa ta ɓata rai, ayyuka biyu yake yi a lokaci guda. Batun zargi kuma, Alhaji, Richard Wiseman da abokan aikinsa sun gwada zancen nan na cewa inda ido ya karkata yana tona maƙaryaci, a 2012, ba su sami wata hujja da ta goyi bayansa ba.

Uwar 'ya'ya huɗu:
Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a gida muna koya wa yaro ya sunkuyar da kai a gaban babba, a makaranta kuma a ce sai ya kalli malami. 'Yata idan mahaifinta ya yi mata tambayar lissafi, tabarma take kallo tana bin saƙarta da yatsa, kuma a haka take kawo amsa. Ban taɓa hana ta ba.

Ma'aikaciyar asibitin ido:
Akwai wani abu da ba a ambata ba, wato 'yar ƙofar nan da ke tsakiyar baƙin ido, wadda haske yake shiga ta cikinta. Kowa ya san tana buɗewa a duhu, ta tsuke a haske, amma tana kuma buɗewa idan tunani ya yi nauyi. Eckhard Hess da James Polt na Jami'ar Shikago a Amurka sun nuna haka a 1964, inda suka ba mutane lissafin sau, daga mai sauƙi irin 7 sau 8 har zuwa 16 sau 23, suna ɗaukar hoton idanunsu, kuma buɗewar tana ƙaruwa da wuyar lissafin. Na gwada da ƙanena a gida. Sai da na zaunar da shi kusa da taga na matso sosai, domin a irin idanunmu masu duhu da ƙyar ake bambanta ƙofar da abin da ya kewaye ta. Na ce masa 13 sau 14, na ga ta ɗan faɗaɗa yana cikin nema, bayan ya ce 182 kuma ta koma yadda take. Canjin kaɗan ne, kuma motsin labule kawai ya isa ya ɓoye shi.

Tsohon almajiri, yanzu akawu:
Malam, ina da tambaya. Allo na fara yi kafin boko, kuma har yau idan ina ƙidaya da ka, ji nake ɗaya tana hannun dama, manyan lambobi suna tafiya hagu. Abokan aikina sun ce nasu akasin haka ne. Shin karatun farko yana da hannu a wannan?

Malamin ilimin halayyar ɗan Adam:
Tambayarka tana da tushe, Malam. A 2010 Tobias Loetscher da abokan aikinsa sun zaunar da mutane a ɗaki mai duhu suna faɗin lambobi barkatai tsakanin 1 da 30, sai na'ura ta nuna cewa idan ido ya gusa hagu da ƙasa, lamba mai zuwa takan fi ta baya ƙanƙanta, idan ya gusa dama da sama kuma takan fi ta girma. A 2009 kuwa Samuel Shaki da abokan aikinsa sun auna saurin danna maɓalli, suka ga 'yan Kanada suna haɗa ƙananan lambobi da hagu, Falasɗinawa masu karatu daga dama suna haɗa su da dama, 'yan Isra'ila kuma, da suke karanta kalmomi daga dama amma lambobi daga hagu, ba su karkata ko'ina ba. A ganina, wanda ya haɗa allo da boko yana iya faɗawa ko'ina a cikin ukun nan, gwargwadon rubutun da ya fi zama a idonsa tun yana ƙarami.