Wane suna za mu ba ciwon da ya karya sandar injin kawu?

Assalamu alaikum. Masu sana'ar ƙarfe da malaman Hausa, kalma nake nema, ku agaza.

Makon jiya sandar injin niƙan kawuna ta karye ana tsakiyar niƙan masara. Sandar nan da makanikai ke ce wa shaf, wadda fuli, wato faifan da bel ke ja, ke zaune a kanta. Kaurinta milimita 40, ba tsatsa, ba lanƙwasa, ba a kuma jibga wa injin abin da ya fi na kullum ba. Ƙas, sai ga ta gida biyu. Kawu ya ce jabu aka sayar masa. Yaron shagon ya ce baki ne.

Na ɗauki guntun, na goge bakin karayar da tsumma, na fita da shi hasken rana. Fuska biyu gare shi. Fiye da rabi sumul yake, ya ɗan yi duhu, da wasu layuka masu lanƙwasa a jere kamar sawun da ruwa ke bari a yashin rafi in ya janye. Ragowar kuwa fari ne tas, gurje-gurje kamar an ɓalle sukarin ƙwaya. Layukan nan duk sun taso ne daga wuri guda, daidai kusurwar da aka rage kaurin sandar don fuli ya zauna. Wato tsaga ce ta daɗe tana tafiya a ɓoye, wata da watanni. Farin wurin shi ne ɗan abin da ya rage yana riƙe da aikin, shi ne ya tsinke a ranar.

Turawa na kiran wannan fatigue, Faransawa ma haka, daga wajensu ma kalmar ta fito. Na buɗe baki zan yi wa kawu bayani, na ce: «Kawu, ƙarfen ne ya gaji.» Sai ya ce: «To ai da ka faɗa tun tuni, da na riƙa barin sa yana hutawa da azahar.» A nan na san fassarar ta kai ni ta baro.

Don a gane abin da nake so kalmar ta ɗauka: bel yana jan fuli gefe guda kullum, sandar kuma tana juyi. Duk zagaye ɗaya, kowane ɗigo a fatar sandar sai an miƙe shi an kuma matse shi. Sandar da ke zagaye 1,500 a minti tana shan wannan sau 90,000 a awa, ta cika miliyan cikin awa goma sha ɗaya da 'yan mintoci. Duk wanda ya taɓa rasa filaya ya lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya san abin a hannunsa. Ka lanƙwasa sau goma, ka ajiye ta shekara, ka dawo: daga goma za ta ci gaba da ƙirga, ba daga ɗaya ba. To, me za mu kira shi?

Madalla, amsoshi sun shigo. Bari in bi su yadda suka zo.

Masu cewa «tsufan ƙarfe», ku yi haƙuri, ba ta shiga ba. Sandar da ta shekara ashirin a sito ba a ɗora ta a inji ba, babu abin da ya same ta ta wannan fuska. Jirgin saman Comet na Ingila, na farko mai injin jet da ya yi jigilar fasinja, ya fara aiki a 1952. Ba a cika shekara biyu ba guda biyu suka tarwatse a sama a kan Bahar Rum, ɗaya kusa da tsibirin Elba a Janairun 1954, ɗaya a Afrilu. Masu bincike a garin Farnborough na Ingila suka tsoma gangar jikin wani Comet ɗin a ƙaton tankin ruwa, suna cika ta da matsi suna saki, kwatankwacin tashi da sauka. Da lissafi ya kai kimanin 3,000 sai ta tsage, daga kusurwar wata kafa da aka yanka a jikin. Jirage ne sababbi fil. Ƙirga ce ta cika, ba shekaru ba.

«Zaizaya» da «cinyewa» suna da aikinsu, a bar musu. Su ne abin da ke samun boris ko haƙoran giya in suna gogar juna: ƙarfe na raguwa, kana iya aunawa, har garinsa kana gani a baƙin mai. Sandar kawu ko ƙwayar gero ba ta ragu ba.

Malama, «cin gara» da kika kawo ta burge ni, har na kusa sa hannu. Sai dai gara ciki take ci ta bar ɓawo, wannan kuwa galibi daga fata yake farawa: sawun magagari, ramin tsatsa, gefen walda, kusurwa mai kaifi. In muka ce cin gara, ɗalibi zai ɗauka ba abin dubawa a waje, alhali waje ne wurin dubawar. Wanda ya ce «kisan mummuƙe» kuma ya ba ni dariya, kuma gaskiya haka abin yake yi. Amma ka gwada rubuta «gwajin kisan mummuƙe» a rahoton aiki ka miƙa wa mai kwangila, ka gani.

Yanzu ga maganar da ta tsayar da ni. Baba, na ga gyaranka, Allah ya ƙara girma. Ka ce shekara arba'in kana ƙarƙashin manyan motoci, in sifirin ya karye haka kawai cewa kuke ya gaji, kuma in Bahaushe ya ce mota ta gaji ko riga ta gaji ba ya nufin a ba ta hutu. Wannan haka yake, ban isa in ja ba. Ɗan'uwa daga Damagaram ma ya ce su da suka yi karatu da Faransanci gajiyar suke cewa. Kalmar da ta riga ta zauna a bakin gareji ba a tumɓuke ta daga kan kujera.

Ga inda nake roƙon arziki, Baba. Motar da muke cewa ta gaji, daga nesa ake gane ta: hayaƙi, ƙara, ƙofa ɗaure da igiya. Sandar kawu tana ƙyalli har safiyar da ta karye. Ke nan «gajiya» ita kaɗai tana iya sa mutum jiran hutu kamar kawu, ko jiran alamar da ba za ta zo ba. Tana buƙatar abokin tafiya da zai faɗi sanadin.

Sanadin kuwa Bajamushen nan injiniyan jirgin ƙasa, August Wöhler, ya fito da shi fili. Tun hatsarin jirgin ƙasa na garin Versailles a Faransa a 1842, inda sandar ƙafafun kan jirgi ta karye mutane da dama suka halaka, ake ta kokawa da wannan karaya. Wöhler ya shafe shekaru yana juya sanduna ƙarƙashin nauyi yana ƙirgawa. Abin da ya gano: nauyin da ba zai karya ƙarfe a tashi ɗaya ba yana karya shi in ana ɗorawa ana saukewa, kuma gwargwadon tazarar hawa da saukar, gwargwadon saurin karayar. Ya kuma ga cewa akwai wani haddi da in aka tsaya ƙasa da shi baƙin ƙarfe yana jurewa. A gogaggen ƙarfe mai santsi haddin kan kai wajen rabin ƙarfin da zai tsinka shi, amma kusurwa mai kaifi ko walda na zaftare shi sosai. Alminiyam ba shi da tsayayyen haddi irin wannan, shi ya sa ake ƙirga wa jirgin sama tashi da saukarsa.

Ɗorawa da saukewa, miƙewa da matsewa, cika da saki. Hausa tana da kalmar wannan tun fil azal: kai-komo. Yallaɓai injiniya ya ba da «maimaici», ma'anar daidai ce, amma ƙamshin aji take yi. Kai-komo kuwa ko yaron gareji ya ji ta, hannunsa zai kwatanta.

Saboda haka ga inda na tsaya: gajiyar kai-komo. Na gwada ta ta haihu ba wahala. Tsagar da ke tafiya a ɓoye, tsagar kai-komo. Abin da ya sami sandar kawu, karayar kai-komo. Lissafin zagaye, ƙirgar kai-komo. Iyakar da Wöhler ya gano, haddin kai-komo. Na sa ta a jimlolin aiki ma ta zauna: «Kada ka yi wa sandar nan walda, karayar kai-komo ce, gefen waldar zai buɗe sabuwa.» «Sassauta bel ɗin nan, kana ƙara wa shaf gajiyar kai-komo.»

Mai tambayar yadda ake ganin tsagar ba tare da na'ura ba: tsohuwar dabarar ma'aikatan jirgin ƙasa ce. A wanke ƙarfen, a jiƙa shi da mai marar kauri irin kananzir, a goge tas, a shafe shi da farin alli, a ɗan ƙwanƙwasa da guduma. In akwai tsaga, man da ya maƙale a ciki zai fito ya zana layi a kan allin.

Jiya na raka kawu wajen mai sassaƙa ƙarfe da inji. Na roƙe shi ya bar kafaɗar sabuwar sandar da ɗan zagaye maimakon kusurwa tsaye, ya kuma goge wurin ya yi santsi. Ya ce ƙarin aiki ne, ƙarin kuɗi. Kafin in yi magana kawu ya zaro tsohon guntun daga aljihun babbar riga, ya ɗora masa ɗan yatsa a kan layukan, ya ce: «Kai-komo ne ya ci wannan. Zagaye min ita, nawa ne?»