Murya ta ƙi bin kiɗa a waya, biki saura kwana 9

Ɗan Pantami: Salamu alaikum 'yan uwa, a taimaka don Allah. Bikin 'yar kawuna saura kwana 9. Ni da bakina na ce zan yi mata waƙar amarya, a gaban su Gwaggo, ranar da ake rabon anko, har Kawu ya ce to an huta da kiran mawaƙi. Da manhajar haɗa waƙa ta BandLab nake aiki a Tecno ɗina. Na haɗa kiɗa a BPM 110, wato bugu 110 a minti ɗaya, na je har Kumo wani mai kalangu ya buga mini na ɗauka. Yanzu in na kunna, kalangu na gaba, muryata na baya. Barci ya gagare ni.

Na Jekadafari: Da wace iyafis ka ɗauki muryar? In ta Bluetooth ce, ita ce matsalar. Sautin yakan ɗan makara kafin ya iso kunne, kai kuma abin da ka ji shi ka bi. Nemi mai igiya ka sake ɗauka.

Ogan Bolari: Ƙanena, rabu da zancen iyafis. Ka sa wa mai kalangun metronom, abin nan mai ƙirga bugu, a kunne? Ba ka sa ba, na sani. Kuma wannan kiɗan uku-uku yake tafiya, 6/8 za ka sa, kai ka cusa shi a 4/4 mai tafiya huɗu-huɗu. Ka sayi manhajar FL Studio Mobile ka huta.

Ɗan Pantami: Yaya, iyafis ɗin sabuwa ce fa, ba ta arha ba. Mai kalangun kuma dattijo ne, sa'an babana, ya ce tun da yake ba a taɓa ƙirga masa bugu ba. Ta yaya zan matsa masa?

'Yar Tumfure: Gara kai. Mu sutudiyo muka biya lokacin bikin ƙanwata, waƙar ba ta fito ba sai bayan an kai amarya, sunan ango ma ba daidai ba.

Na Jekadafari: To bi dattijon. Kunna kalangun, ka riƙa buga yatsa a maɓallin Tap na metronom, zai nuna maka BPM ɗinsa, ka gina kiɗan a kai.

Ogan Bolari: Mutumin da ya fara a hankali ya ƙare da gudu, wane BPM za ka samu? Ɓata lokaci ne. Na gaya maka abin yi.

Ɗan Pantami: 110 ɗin dai ba zan taɓa ba, amarya ta ji ta ce ya yi mata. Babu wani maɓalli da zai daidaita su duka?

'Yar Tumfure: Shi Kawun ya san halin da ake ciki?