Waɗanda suka zauna inda aka hana leda, ya kuka yi?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata mai kamawa zan bi maigida New York, an ce mini can ba a ba da leda a kanti, jakar takarda ma saye ake yi. Wanda ya taɓa zama inda aka hana leda ya ba mu labari don Allah.

Ɗan Zango a Bronx: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya aka faɗa miki. Dokar ta fara a Maris ɗin 2020, sai dai ba a matsa wa masu kanti ba sai Oktoba. Jakar takarda santi 5 ce a cikin birnin. Kuɗin ba ya ciwo, jakar ce abin takaici. Ranar farko ana yayyafi na loda mata daskararriyar kaza da madara da albasa. Ban kai tashar jirgin ƙasa ba gindinta ya ɓarke, ga albasa na gangarawa kan titi, ga ni ina bi da gudu, mutum da gemunsa. Tun ranar jakar yadi ba ta barin aljihun rigar sanyina. 'Yar ledar ɗanyen nama da kifi kam ba a hana ba.

Hajiya Mai Atamfa: Ku naku da sauƙi. Ruwanda tun 2008 suka hana. A filin jirgin Kigali aka sa na kwance takalmana daga baƙar leda, aka karɓe ta. Na ji haushi, amma sati guda na yi ban ga leda ko ɗaya maƙale a bishiya ba. A Kenya kuwa tun 2017 abin har ɗauri yake kaiwa.

Direban Kusiri: Ina jigilar kaya zuwa Njamena lokacin da aka hana a 2010. Da farko an yi zafi, mata suka koma kwando da kwano. Da aka yi sake, leda ta dawo abinta.

Mahauci: Ni da za a hana a Kano da na yi sadaka. Na sha farka tumbin saniya in tarar da leda ta cure kamar gammo, dabba na ci tana ramewa, mai ita na ta sayen maganin tsutsa.

Mai Koko: Malam mahauci, kai tsirenka dama a takarda kake naɗewa. Ni koko zan zuba a takardar? Da mai manja da mai nono fa?

Mahauci: Yaya, muna yara da kofin silba ake aikenmu wajenku.

Mai Koko: A lokacin daga gida ake aiko ku. Yanzu rabin cinikina 'yan Keke Napep ne da leburori, ba wanda ke yawo da kofi.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Ɗan Zango, jakar yadin a can zan saya ko in ba tela ya ɗinka mini kafin in taso?